Rumbun Kawu Cindo

Mushe Rilwanu (mushe ake ce wa ɗan boko a nan Nijar) ya dawo daga taron horo na Yamai da sabuwar jaka da sabon baki. Jakar ba ta dami kowa ba. Bakin ne ya hana mutane sakat, domin tun ranar da ya sauka a Gidan Rumji ba wanda ya isa ya ce "babu" a buro, wato ofis. In ka ce masa babu mai a babur, sai ya ce ba man ne ya ƙare ba, tunaninka ne ya gaza. Har mai gadi sai da ya sha huɗuba a kan yadda ake tashi da safe da zuciyar mai nasara, shi da ya kwana yana dambe da sauro.

Ƙungiyar ba wata babba ba ce, ɗaki biyu ne da rumfar kwano a bayan kasuwar dabbobi. Aikinta ta roƙo tallafi daga gidauniyoyin waje, ta sayi hatsi, ta kai wa ƙauyuka a watannin da rumbu ke ƙarewa alhali sabon gero bai nuna ba. Rilwanu ne shugaba, shi ke sa hannu, shi ke jawabi. Mai nemo abin da ake sa wa hannun kuwa Mansura ce, mace mai ƙaramin jiki da ƙaramar murya, wadda ta yi shekara da shekaru tana rubuta wa baƙin da ba ta taɓa gani ba labarin yunwar mutanenta. Tun da manyan masu bayarwa suka naɗe tabarma suka bar ƙasar, sai ta yi ta aikawa kafin a amsa mata sau ɗaya, amsar ma haƙuri ake ba ta.

Ranar Litinin Rilwanu ya tara ma'aikata a rumfa, ya tsaya gaban allo da alli a hannu.

"Mun daɗe muna bara," in ji shi. "Muna ɗaukar hoton ɗiyan mutane da ƙuda ga ido muna aika ma Turawa. Sun gaji da mu, mu ma mun gaji da kanmu. Abin da anka koya muna can shi ne, mai bayarwa ba tausai shika saye ba, nasara shika saye. Kowa na so shi zuba ruwa inda shuka ta tsiro. Mai neman tallahi in ya shiga ɗaki da huskar yunwa, da yunwa shika hitowa. Ku canza tunani, sauran ya biyo baya."

Ni dai ba na saurin yarda da maganar da aka koyo a otal mai sanyi aka kawo wa masu zama a rumfar kwano. Amma gaskiya ɗaya ce, ba duka zancensa ne iska ba, kuma ya taɓa Mansura inda ke mata ciwo. Wata mata ta taɓa tare ta a kasuwar Cadakori ta ce a maido mata da hoton ɗanta, tunda yaron ya rasu ba ta so baƙi su ci gaba da kallon haƙarƙarinsa. Mansura ba ta da yadda za ta maido shi, kuma abin ya daɗe yana cin ta. Don haka da Rilwanu ya ce a daina tallar tsiraicin mutane, ita ta fara gyaɗa kai.

Abin da ke gabansu kuwa ba ƙarami ba ne. Garin Gajere, wani ƙauye a ƙasar Sae Sabuwa, bai ga kaka ba a bara. Ruwa ya ɗauke gero yana da ciki, ɗan abin da ya tsira kuma tsutsa ta bi zangarniya ta cinye. Gidauniya ɗaya ce ta rage da ke sauraren Mansura, ita ma hatsin wuri ɗaya take da shi a bana. Za ta aiko wakiliyarta, Madam Fauziyya, ta duba wurare biyu, Garin Gajere da wasu ƙauyuka na Gazawa da wata ƙungiya ta gabatar, sannan ta zaɓa. In ta zaɓi Gazawa, mutanen Garin Gajere za su shiga damina hannu rabbana, su yi noma da ganye a cikinsu. Garin kuma garin mahaifiyar Mansura ne, can aka yaye ta, can take zuwa hutun lakol, wato makaranta, tana yarinya.

Mansura ta zauna ta yi dabara wadda take gani ta haɗa mutunci da gaskiya. Ba za a tara yara masu kumburin ciki a gindin bishiya ba. Za a nuna wa baƙuwa gonaki, da ramukan da mutane suka haƙa da rani don tare ruwa, da gawo da kalgo da suke bari suna tasowa a gona. Za ta ga mutane masu aiki, tsaye da ƙafarsu. Sai a ƙarshe a buɗe mata rumbu guda ɗaya ta leƙa ta ga babu komai. Rumbu ba ya da haƙarƙari, ba ya da uwar da za ta tare ka a kasuwa. Rilwanu ya ɗan ɓata fuska da batun rumbun, ya ce yana warin tsohon tunani, amma ya bar ta.

Sai dai wanda ya san ƙauye ya san buɗe rumbu ba wasa ba ne. Maigida yakan zuba dammunansa da kaka, ya ɗora jinka ya ɗaure, ba a sake taɓawa sai an fara noma. Ko matarsa ba ta leƙawa, balle maƙwabci. A bana ma haka suka yi. Kowane gida ya gyara rumbunsa, ya yi masa sabuwar jinka, ya ɗaure shi tamau a kan iska. Kowa ya san na kowa wayam ne, kuma ba wanda ya taɓa faɗa. In ka tsaya a bayan gari ka hango rumbunan a jere sai ka ce garin ya fi kowane gari ƙoshi.

Mutum ɗaya ne Mansura za ta iya yi wa wannan roƙo, Kawu Cindo, yayan mahaifiyarta. Dattijo ne dogo mara yawan magana, wanda a zamaninsa ake zuwa aron iri gidansa. Ta same shi a zaure yana tufka igiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi gida, ta tambayi zafi, ta yi ta kewaye-kewaye har ya gaji ya ce ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta faɗa masa, kanta a ƙasa.

Ya ci gaba da tufka igiyarsa.

"Gaban mutane?" ya tambaya.

"Gaban baƙuwa, Kawu."

"Baƙuwa ba ta zuwa ita ɗai. Gari duk na biye da ita. Surukaina na nan."

"Na sani, Kawu. Amma in ba ta gani da idonta ba, wani wuri za ta kai hatsin."

"Ubana bai taɓa buɗe rumbu gaban kowa ba," in ji shi. Ya ja igiyar ya duba ƙarfinta. "To. In don gari ne, a buɗe. Ni na tsuhwa, kunyata ba ta da sauran nisa."

Mansura ta fito daga zauren da hawaye a idonta, tana jin ta ci rabin yaƙi. Ba ta san cewa a daidai lokacin Rilwanu, wanda ya kawo ta a babur, yana ƙofar masallaci ya tara mazan gari ba. Shi mutum ne da ba ya ganin taro ya ƙyale. Ya ce musu baƙuwa mai daraja za ta zo, kada su tarbe ta kamar mabarata. Su ɗaga kai, su sa tufafinsu na kirki, su nuna mata su manoma ne 'ya'yan manoma. Ya ce masu bayarwa suna son wanda ya yarda da kansa. Mazan suka yi ta gyaɗa kai suna cewa gaskiya ne, mushe. Ba su taɓa jin ɗan foroje, irin ma'aikatan ƙungiyoyin tallafin nan, ya yi maganar da ta shiga kunnensu irin wannan ba, domin abin da zuciyarsu ke so ke nan tun asali, sai ga shi mai ilimi ya ce shi ne daidai.

Madam Fauziyya ta iso da hantsi a cikin tsakiyar bazara, a farar mota mai ƙura har rufi. Haifaffiyar Yamai ce da ta yi karatu a waje, tana jin Hausa tsinta-tsinta. Ba ta da girman kai. Ta cire takalmi kafin ta hau tabarma, ta gaida tsofaffi da hannu biyu, ta sha ruwan rijiya ba ta yamutsa fuska ba. Gari ya sha shara. Maza sun fito da rigunan Salla, mata sun yi lalle, yaran da jikinsu ya fi lalacewa kuma ba ka ganin ko ɗaya, an shige da su cikin ɗakuna. Mansura ta shaƙi ƙanshin nama tun daga bakin gari. An yanka bunsuru, kuma ta san bunsurayen da suka rage a garin ba su da yawa.

An zaga gonaki, an ga ramuka, an ga itatuwa. Rilwanu yana gaba yana fassara, yana ƙara gishiri. Baƙuwa tana tambaya, mutane suna amsawa da lahiya lau da godiya ga Allah. Mansura ba ta damu sosai ba. Ta san gaisuwa ce, ta kuma san akwai rumbu a gaba.

Da aka zo bayan gidan Kawu Cindo gari duk yana biye, kamar yadda ya faɗa. Samari suka kwance igiya suka ɗaga jinka, aka jingina tsani. Madam Fauziyya ta tattare zanenta ta hau, Mansura tana riƙe mata tsanin. Ta leƙa ciki. Mansura tana jiran ta ga fuskar ta canza, ta kuwa canza, amma murmushi ne ya bayyana.

"Masha Allah," in ji baƙuwar. Ta miƙa hannu ta zaro zangarniya ɗaya, doguwa, cike da ƙwaya tun daga gindi har kai. Ta juya ta a rana, ta fito da waya ta ɗauki hoto.

Da ta sauko Mansura ta hau. Rumbun a cike yake har baki. Zangarniyu ne zaɓaɓɓu, manya, an jera su da kyau. Kallo ɗaya ta yi ta gane. Babu gona ɗaya da ta ba da irin wannan da yawa haka a bara. Waɗannan su ne 'yan zangarniyun da kowane gida ya bi gona ya tsince ɗaya bayan ɗaya ya ɓoye a rufin ɗaki don shuka. Irin gari ne gaba ɗaya aka tattaro aka shimfiɗa a sama. Ta gefe, inda jerin ya ɗan buɗe, tana hango karan gero da aka cusa a ƙasa ya tokare su.

Tana kan tsanin nan, magana tana bakinta. Abin da ya rage kawai ta tura hannu ta yaye saman ta ce Madam, sake dubawa. Ta waiwaya ta dubi ƙasa. Kawu Cindo yana tsaye cikin farar rigarsa da ta sha wanki har ta yi laushi, surukansa a damansa, liman a hagunsa, idonsa a kanta. Bai yi mata alama ba, bai roƙe ta ba. Bayansa kuma mazan gari ne, kowa ya sunkuyar da kai. In ta yaye, ba talaucinsa kaɗai za ta tona ba, za ta mai da shi maƙaryaci a gaban baƙuwa, shi da duk wanda ke tsaye a wurin. Duk wanda ya ce da shi ne da ya yi magana, to ba a nan aka haife shi ba. Mansura ta sauko.

Rilwanu ya matso kusa da ita yana murna. "Kin gani? Wanga shi ne abin da nika hwaɗi. Ta ga mutanen da za a iya zuba jari gare su."

Mansura ta zame ta shiga cikin gida, ta sami Inna Cima, matar kawunta, a gindin murhu tana kwashe tuwon baƙuwa.

"Inna, mi kunka yi haka?"

Tsohuwar ba ta ɗago ba. "Ba mu munka yi ba, ɗiyata. Maza sunka zo sunka ce ba su bari a tuɓe Cindo shi ɗai don su. Sunka ce mutumin da yab ba su iri shekarun baya ba ya tsayawa gaban surukai da rumbu wayam. Kowa yak kawo nashi. Kawunki ya hana, sunka ce ai mushenku ma ya ce a ɗaga kai. In baƙuwa ta tahi kowa shi ɗauki abinshi."

"Inna, hatsin za a kai wani gari."

"Allah na nan," in ji Inna Cima. Ta miƙa mata akushi. "Kai mata tun da zahi."

Baƙuwa ta ci tuwo da miyar nama, ta yaba. Da ta tashi tafiya ta sake yi wa Kawu Cindo godiya, ta ce tun da take yawo a bana ba ta ga gero mai kyan nasa ba. Ta faɗa ne don ta faranta masa. Amma baƙo ba ya yaba abu sau biyu a gidan mutum ya tafi hannu banza. Dattijon ya juya ya ce wa samari su ɗaure wa baƙuwa dami guda. Ta ce a'a, ya ce tsaraba ce, ba a maidawa. Aka hau aka kwaso daga sama aka ɗaure, aka ɗora a rufin mota. Mansura ta ga wata mata mai suna Tala, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta bi damin da ido har aka gama ɗaure shi, domin nata irin ne aka jera a can sama saboda ya fi na kowa kyau. Da motar ta tashi ma har da Talar a masu ɗaga hannu.

A hanya Rilwanu bai bar kowa ya yi magana ba. Sai bayan kwana biyu, da baƙuwar ta gama da Gazawa ta sauka a Maraɗi, Mansura ta bi ta masauki ita kaɗai ta faɗa mata komai, tun daga kara har bunsuru. Madam Fauziyya ta saurara har ƙarshe, ta cire tabarau ta murza idanunta.

"Na yarda da ke," in ji ta da Faransanci. "A zuciyata na yarda. Amma dubi inda kika sa ni. A Gazawa sun kai ni ɗaki-ɗaki. Na ga yara, na ga tukwanen da ba a ɗora ba. A wajenku na ga rumbu cike, na ci nama, hoton ma na riga na aika. Yanzu in ce wa mutanena me? In na ce abin da na gani gaskiya ne, ba ku da bukata. In na ce shiri ne, za su ce ƙungiyar da ke shirya wa wakiliyarsu abin da za ta gani ba a ba ta amana. Ta kowace hanya kun faɗi."

"Ki koma, Madam. Ki buɗe kowane rumbu kike so."

"Ba ni da izinin sake shiga daji, rakiyar da aka ba ni ta ƙare. Kuma na Gazawa su ma yunwar gaske suke ji, Mansura. Ba ƙarya suka nuna mini ba."

Mansura ta tambayi batun damin, ko za a ba ta ta mayar a ɓoye. Baƙuwar ta rufe baki da hannu. Ta ba direba tun a ranar, shi kuma ya sauke wa iyalinsa a hanya, ta tabbata an riga an sussuke.

Amsa ta zo kafin ruwan farko, cikin ladabi kamar kullum. An zaɓi Gazawa. An yaba wa ƙungiyar Gidan Rumji a kan yadda ƙauyenta ya iya dogara da kansa, an ce abin koyi ne. Rilwanu ya tara ma'aikata a rumfa ya ce kada kowa ya kira wannan faɗuwa, darasi ne, shugaba na gari yana ganin ƙofa inda wasu ke ganin bango. Ya ce yabon ma jari ne, za a nuna shi ga wasu masu bayarwa baɗi.

"Baɗi," in ji Mansura. Muryarta ba ta tashi ba, amma kowa ya ji. "Mushe, ka taɓa yin huɗa da ganyen tafasa a cikinka? Ka hwaɗa ma mai jin yunwa shi ɗaga kai, ya ɗaga. Yanzu ka tahi ka hwaɗa mashi mi za shi ci."

Rilwanu ya ajiye allinsa. Shi dai ba mugu ba ne. Ya ce zai buga wa wasu waya. Ya buga ɗin, ita ma ta buga, ta bi 'yan kasuwar hatsi na Maraɗi shago-shago, ta samo 'yan buhunan da ba su kai a raba wa unguwa ɗaya ba. Aka aika da su, suka shige kamar an zuba ruwa a rairayi. Zuwa garin da kanta ne ta kasa, ta yi ta ɗagawa daga wannan ranar kasuwa zuwa waccan.

Sai da damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, sannan ta hau kabu-kabu ta tafi. Daji ya yi kore shar, irin koren da ke ruɗin baƙo. Tun daga hanya ta fara ganin gonakin da ciyawa ta fi gero yawa, don masu su sun tafi ƙwadago gonakin wasu, wasu sun ƙetara iyaka. Gonar Tala ba a shuka ko rabinta ba. Maƙwabta sun tara mata abin da suka iya, amma wasu gidajen ma kafin ruwa ya sauka sun riga sun daka nasu irin sun sha. Ita Talar ta kwashi yaranta ta tafi Maraɗi aikatau, ɗan ƙaraminta ne bai kai ga tafiyar ba, an rufe shi a bayan gari tun farkon damina. Mai babur ne ya ba ta labarin, yana tuƙi yana nuna mata da haɓa.

Ta sami Kawu Cindo a zaure, kwance a kan tabarma. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya yunƙura ya zauna, suka gaisa, ya ce lahiya lau, ita ma ta ce lahiya lau. Ya riga ya san hatsin ba zai zo ba, gari duk ya sani, amma ba a faɗa masa baki da baki ba, kuma ita ce ya kamata ta faɗa. Ta faɗa. Ya gyaɗa kai.

"Rabon waɗancan ne," in ji shi. "Su ma bayin Allah ne." Ya dubi ƙofar zaure, inda ruwan jiya ya taru. Can ya ce, "Ɗiyata, in tambaye ki. Baƙuwar nan, ba ta ce mun yi mata rowa ba ko?"

"Ba ta ce ba, Kawu. Ta yaba."

"To, madalla."

Haushi da tausayi suka haɗe wa Mansura. Tana son ta yi masa faɗa, tana son ta kwanta a ƙafarsa ta yi kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba, don a lokacin Inna Cima ta yi sallama ta shigo da ƙwarya a rufe da faifai. Bayanta jikokinta biyu ne mata, sun tsaya a bakin ƙofa sun jingina da bango, gashinsu ya yi ja.

Inna Cima ta ajiye ƙwaryar a gaban Mansura ta buɗe. Fura ce, in za a kira ta fura, ruwa ne fari-fari da ɗan gari yana yawo a ƙasa. Mansura ta san ba a dama biyu ba a gidan nan yau.

"Inna, na ƙoshi. Na ci abinci kahin in taso."

"Kin sha hanya," in ji tsohuwar.

"A ba yara, Inna."

"Sun sha nasu," in ji Kawu Cindo, bai dubi yaran ba. "Yaushe anka hwara zuwa gidana a tashi ba a sha ruwa ba? Ko kin ga wani abu ne?"

Ya tsare ta da ido yana jiran amsa. Inna Cima ma tana jira, ludayi a hannunta.

"Ban ga komi ba, Kawu," in ji Mansura.

Ta karɓi ludayin ta yi bisimilla. Ta ɗiba ta kai baki, yaran suna bin hannunta da ido daga ƙwarya zuwa baki, daga baki zuwa ƙwarya. Ta yi niyyar ta sha kaɗan ta ture, amma duk sanda ta sassauta sai dattijon ya ce ƙara, ɗiyata, akwai wata a ciki. Ta ci gaba da sha.